Baƙo, Gona da Kujera: Labarin Knute Nelson da Namu

Kawuna ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana noma a wani ƙauye da ke kudu da mu, inda damina ke daɗewa, doya kuma take kai girman cinyar ƙato. Yana saurayi ya je, daga shi sai fartanya da ƙunshin kaya. Mai gari ya nuna masa wani kurmi ya ce ya sare. A nan ya yi aure, a nan aka haifa masa 'ya'ya tara, a nan ya binne uku daga cikinsu. Duk kaka yakan ɗora damin dawa biyu a keke ya kai gidan masu ƙasa, ko an yi albarka ko ba a yi ba. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa tun ranar farko: ya shuka duk abin da ransa ke so, amma kada ya kuskura ya dasa itace. Hatsi na shekara ne, a girbe a watse. Wanda ya dasa mangwaro kuwa ya ce ba inda za shi.

Da babban ɗansa ya gama sakandare yana neman gurbin karatu, ni na raka shi sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali. Akawun ya gaishe shi da harshen garin, yaro ya amsa tiryan-tiryan, don ya fi iya shi a kan Hausa. Suka yi 'yar raha. Sai mutumin ya tura mana takardunmu ya ce, "Ai na san babanka, mutumin kirki ne. Amma ku je garinku a ba ku." Garin nan da ake kira nasu, sau biyu yaron ya taɓa taka shi, duka a lokacin rasuwa. Haka muka hau mota kusan yini guda. Sai da aka yi wa mai unguwarmu dogon bayanin jikan wane ne, sannan ya sa hannu.

Wannan rana ce ta sa labarin wani Bature da ya mutu shekara ɗari da ta wuce ya tsaya mini a rai. Sunansa Knute Nelson. Da na fara sanin labarinsa na ɗauka na samu hujjar da zan kare kawuna da ita, kuma na samu. Sai dai da na ci gaba na tarar labarin ya ba akawun nan tasa hujjar shi ma.

An haifi Nelson a yankin Voss na ƙasar Norway a farkon shekarun 1840, ba tare da an ɗaura wa iyayensa aure ba. A siyasarmu wannan kaɗai ya isa a kashe wa mutum takara tun kafin ya buga fosta. A 1849 mahaifiyarsa ta ɗauko shi, bai wuce shekara bakwai ba, suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka ba su da ko sisi. Norway ta wancan zamani ba ƙasar man fetur ba ce kamar yau. Duwatsu ne da sanyi da ƙarancin ƙasar noma, shi ya sa tsakanin 1825 da 1925 mutanenta kimanin 800,000 suka tsallaka teku. A Chicago yaron ya yi tallar jarida. Uwar ta auri wani ɗan ƙasarsu mai suna Nils, daga nan sunan Nelson ya samo asali, suka koma jihar Wisconsin suka kama noma. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 ya shiga sojan Arewa, aka harbe shi a Port Hudson da ke Louisiana a 1863, aka kuma kama shi fursuna. Ya dawo ya karanta shari'a, ya zama lauya a 1867, ya ɗan taɓa majalisar jihar Wisconsin.

A 1871 ya kwashi iyalinsa ya yi yamma, zuwa wani ɗan gari mai suna Alexandria a jihar Minnesota. Wurin a lokacin bakin daji ne, kusan ƙarshen inda ƙafar Turawa ta kai ta wannan ɓangare. Babu layin dogo. Jihar kanta ba ta cika shekara goma sha huɗu da kafuwa ba. Ya kama fili a gefen gari ya yi gona, ya kuma buɗe ofishin lauya, mafi yawan shari'unsa na filaye ne. Masu cewa lauya ne ba manomi ba sun faɗi rabin gaskiya. A gona ya tashi, gonar Alexandria kuma bai rabu da ita ba har ya mutu. Gidan da ya gina a cikinta yana nan, ya zama gidan tarihi.

Ya sha wuyar da maƙwabtansa suka sha. Daga 1873 zuwa 1877 fara ta riƙa sauka a yammacin Minnesota shekara bayan shekara tana cinye alkama tun tana kore. Duk wanda kakarsa ta ba shi labarin shekarar fara ya san abin da ake nufi. A 1877 annobar mashaƙo ta ɗauke masa 'ya'ya uku. Shi ma uku, kamar kawuna. Yana ɗan majalisar dattawan jihar a waɗannan shekaru, kuma babban abin da ya sa a gaba shi ne jirgin ƙasa ya iso garinsu, don manomin da ba shi da hanyar kai hatsi kasuwa bawan dillali ne. Jirgi ya iso a 1878.

Daga nan sai hawa. A 1882 ya nemi kujerar majalisar wakilai ta tarayya, ya kara da wani attajiri, Charles Kindred, wanda ya yi kuɗi a harkar filayen kamfanin jirgin ƙasa. Taron fid da gwani na jam'iyyarsu ta Republican ya dare gida biyu, kowane ɓangare ya tsayar da nasa. Da na karanta wannan sai da na yi dariya, ashe ba mu muka ƙirƙiro ba. Kindred ya zubar da kuɗi, Nelson ya dogara da ƙuri'ar manoma 'yan Norway da Sweden, ya kuwa ci. A 1892 jam'iyyar ta ga manoma na zamewa zuwa sabuwar tafiyar talakawa da Ignatius Donnelly ke wa takara, sai ta tsayar da ɗan Norway don ta riƙe 'yan'uwansa. Ya zama gwamna a 1893. A 1895 ya tafi majalisar dattawan Amurka, ya zauna shekara 28, har ajali ya riske shi a cikin jirgin ƙasa ranar 28 ga Afrilun 1923 yana hanyar komawa gida. Mutum-mutuminsa na tsaye a gaban majalisar jihar a St. Paul.

Ka lissafa: shekara 22 tsakanin ranar da ya sauke kaya a Alexandria da ranar da ya zama gwamnan jihar. Kawuna ya ninka wannan, ko wakilin unguwa ba a taɓa tunanin ba shi ba.

Za a ce ƙwazon Nelson ne. Yana da ƙwazo, ban musa ba, amma masu ƙwazo sun cika duniya. Doka ce ta buɗe masa ƙofa. A 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar rabon gonaki: duk magidanci ko wanda ya kai shekara 21 zai iya kama eka 160 na filin gwamnati, ya zauna a kai ya noma shekara biyar, ya biya kuɗin takarda da bai wuce dala 18 ba, fili ya zama nasa halak malak. Ba sai ɗan ƙasa ba. Ya isa mutum ya je kotu ya bayyana niyyarsa ta zama ɗan ƙasa. Tsarin mulkin Minnesota ma ya bar irin wannan baƙon Bature ya jefa ƙuri'a tun kafin ya samu cikakkiyar shaidar zama ɗan ƙasa, kuma haka aka yi ta yi har 1896. Shekara bakwai da zama ɗan ƙasa ka isa takarar majalisar wakilai, shekara tara ka isa ta dattawa. Kujerar shugaban ƙasa da ta mataimakinsa kaɗai aka keɓe wa haifaffen ƙasar. Ba wanda ya ce wa Nelson ya koma Voss ya karɓo takarda.

A wannan gaɓa ra'ayina bai da kwana. Mutumin da ya sare daji, ya biya haraji, ya sha ruwan rijiyar gari, ya binne 'ya'yansa a maƙabartar gari, ɗan gari ne ta fuskar ƙuri'a da takara da makarantar 'ya'yansa da aikin gwamnati. Shi ma idan gada ta karye amfaninsa ne ke ruɓewa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin zama inda ya so da mallakar dukiya a ko'ina, ya kuma haramta wariya saboda asali. Amma shi ɗin dai ya ce dole a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta, ya kuma fassara zama ɗan jiha da cewa iyaye ko kakanni su fito daga al'ummar da ke asalin wurin. Da hannun dama aka bayar, da hagu aka karɓe. Daga wannan 'yar kafa takardar shaidar asali ta girma har ta fi takardar haihuwa ƙarfi. Kuma ba haka muka faro ba. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Enugu na farko, da ƙuri'ar Inyamurai. Yau ka faɗa wa matashi wannan sai ya ce tatsuniya ce.

To amma filin gwamnatin nan da aka riƙa rabawa eka 160, gwamnati a ina ta samo shi?

Mu da muka tashi da kallon fina-finan kaboyi mun san su da sunan Indiyawan daji, masu ihu a kan doki ana harbe su muna tafi. Suna da sunayensu. A kudancin Minnesota 'yan ƙabilar Dakota ne, a arewa kuma Ojibwe, waɗanda Turawa ke kira Chippewa. A shekarar da aka yi dokar rabon gonaki, 1862, Dakota suka ɗauki makami bayan an matse su a wani siririn fili, an jinkirta kuɗin da aka yi musu alkawari, yunwa ta ci su. An kashe ɗaruruwan baƙi manoma, sojoji suka murƙushe Dakota, aka rataye mutum 38 daga cikinsu rana ɗaya a garin Mankato, ranar 26 ga Disamba. Shekarar da ta biyo baya aka kore su daga jihar. Nelson ba shi da hannu a wannan, yana fagen yaƙi a kudu. Amma ƙasar da ya shigo bayan shekara tara, an share ta ne kafin ya zo.

Inda hannunsa yake dumu-dumu shi ne dokar 14 ga Janairun 1889, wadda har yau da sunansa ake kiran ta. A rubuce an ce doka ce ta agazawa da wayar da kan Chippewa na Minnesota. Kullum ka ji mai ƙarfi ya zo wayar maka da kai, ka duba aljihunka. Abin da ta ƙunsa shi ne a tattara Ojibwe daga matsugunansu a kai su wuri ɗaya mai suna White Earth, a yanka wa kowane gida ɗan fili nasa na kansa, sauran kuma a kira shi rara a sayar: ƙasar noma ga baƙi, dazuzzukan katako ga kamfanoni. Mutanen da suka saba daji da tafki na kowa da kowa ne, ana kamun kifi ana girbin shinkafar ruwa tare, aka ce kowa ya riƙe takardarsa. Kuɗin cinikin wai za a ajiye musu a baitulmali.

Abin da ya biyo baya sata ce da hatimi. Masu ƙiyasin katako suka riƙa rage adadin itatuwa don kamfanoni su saya da arha. An yarda a sari itacen da ya mutu ko ya faɗi, sai ɗanye ma ya riƙa "mutuwa" cikin dare. Wannan ƙorafi na cikin abin da ya kai ga musayar wuta da sojoji a Sugar Point, bakin tafkin Leech, a 1898. A 1906 ɗaya sanatan Minnesota, Moses Clapp, ya cusa wani sashe a doka da ya ba duk baligin da ke da jinin Bature a White Earth damar sayar da filinsa nan take. Nelson na zaune a majalisar a lokacin. Dillalai suka yi dafifi, da bashi, da giya, da takardun da mutane suka dangwala wa yatsa ba su san me ke ciki ba. Da magana ta je kotu, aka kawo masana daga jami'a su tantance wa ke da gauraye jini: suna auna kai, suna duba gashi, suna karce fatar ƙirjin mutum su ga yadda za ta yi ja. White Earth da aka kafa a 1867 da eka sama da 800,000, kafin tsakiyar ƙarni na 20 abin da ya rage a hannun masu ita bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Kuma a lura da wanda ya ci riba. Ɗan Norway da ke kan eka 160 ya samu abin rufin asiri, ya sha sanyi ya sha bashi. Manyan kuɗin suna wajen masu injin yanka katako da masu jirgin ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shi kuwa mai ƙasa na asali, sai a 1924, shekara guda bayan mutuwar Nelson, aka yi dokar da ta mai da dukansu 'yan ƙasar Amurka. Yaron da ya sauka daga jirgin ruwa ya yi gwamna ya yi sanata ya mutu, wasu daga cikin waɗanda ya tarar ba su kai matsayin 'yan ƙasa ba tukuna. Ƙofar ma da nake yabo ba kowa aka buɗe wa ba: a 1882, shekarar da Nelson ya ci zaɓensa na farko na tarayya, aka yi dokar hana ma'aikata 'yan Sin shiga Amurka.

Ojibwe sun kai ƙara kan yadda aka yi da filayensu da kuɗinsu. A 1999 aka sasanta a kan dala miliyan 20. Sai a 2012 majalisa ta yarda a raba, kowane mutum ya samu dala 300, saura aka bai wa al'ummominsu shida. Shekara 123 bayan dokar.

Saboda haka idan na ji ɗan ƙasa yana cewa tsoro yake ji, na daina saurin kiran sa mai ƙabilanci. Akawun da ya mayar mana da takardu bai san Knute Nelson ba, amma abin da yake gudu ke nan: baƙo ya zo da fartanya, ya yi yawa, ya ci zaɓe, sannan ya riƙe alƙalamin da ake rabon ƙasa da shi. Wannan tsoro ne ke ƙarƙashin rikicin Jos, inda kakannin Hausawa da yawa suka je haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20. Tun da aka ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, kusan duk babbar fitinar garin, ta 1994, ta 2001, ta 2008, a kan kujera ko naɗi ta tashi. Ba zan fama wannan gyambo ba, an zubar da jinin da ya isa ta kowane ɓangare. Haka a Sudan. 'Yan'uwanmu da ke can, wasu jikokin waɗanda suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 ne, wasu alhazai ne da hanya ta riƙe, wasu sun yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira tun shekarun 1920. A 2022 Hausawan jihar Blue Nile suka nemi a amince musu da masarauta tasu, maƙwabta suka ce masarauta na tafiya ne da ƙasa, ku kuwa ba ku da ƙasa a nan. Mutum sama da 100 suka mutu a Yuli, sama da 200 a Oktoba. Sama da shekara ɗari, har yanzu raɓa ake ɗaukar su.

Mu ma kada mu cika baki. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna alfahari Kano na haɗiye baƙo, kuma gaskiya ne: sunayen unguwanni sun isa shaida, Tudun Nufawa, Ayagi, Zangon Barebari, Dandalin Turawa. Malam Ibrahim Shekarau, wanda asalin gidansu ƙasar Biu ce, ya mulki jihar shekara takwas. Labarin asalinmu ma baƙo ne ya zo Daura ya kashe maciji ya auri sarauniya. Amma haɗiyar nan da sharaɗi take: ka zama Musulmi, ka ji Hausa, ka saje. Ita Amurka ta ce ka zama fari. Jikan wanda ya zo Sabon Gari aikin jirgin ƙasa shekara ɗari da ta wuce, sau nawa muka gan shi a majalisar jiha? Abin da muke kuka da shi a Filato muna yin irinsa a gida, sai dai namu ba ya ƙara.

Abin da na fahimta daga rayuwar Nelson shi ne kujera daban, ƙasa daban, kuma masifa na zuwa ne idan aka ɗaure su da igiya ɗaya. Minnesota ta yi daidai da ta buɗe wa baƙo kujera. Ta yi zalunci da ta bar mai kujera ya yi yadda ya ga dama da ƙasar waɗanda ba su da murya. Mu kuwa mun yi abin a juye: mun sa wa kujera kwaɗo uku, mun bar ƙasar a buɗe.

Dubi dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi, aka kuma ɗinke ta a jikin tsarin mulki yadda gyara ta ya zama jan aiki. Ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara ta ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Gwamna na iya soke haƙƙin kowa da sunan amfanin jama'a, diyya kuma ba ta ƙasar ba ce, ta abin da ke kanta ce: gini, shuka, itace. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci me ya sa ake mutuwa a kan kujerar ciyaman. Ba don albashinta ba ne. Kuma ya fahimci cewa takardar shaidar asali ba ta kare gonar kowa. Tana hana ɗan manomi baƙo shiga jami'a a kason jihar da aka haife shi, amma ba ta hana wani mai babbar riga, ɗan asali ko baƙo, ya zo daga babban birni da takardar mallaka ya zagaye rabin ƙauye da waya.

Da ni ake tambaya, da na ce a raba su. Duk wanda aka haifa a wuri, ko ya zauna shekara goma yana biyan haraji, a ba shi takardar zama wadda ta isa komai na gwamnati: karatu, aiki, takara. A ɗaya hannun kuma a auna ƙasar gado ta kowace al'umma a rubuta ta da sunan al'ummar, yadda ciyaman ko gwamna, ko daga wace ƙabila ya fito, ba zai iya bayar da ita ba sai da yardar masu ita a bainar jama'a. Aron gona irin na kawuna shi ma a rubuta shi, da shekarunsa da damin da ake kaiwa, don mai aro ya san ba za a tashe shi da shuka a ƙasa ba, mai ƙasa kuma ya san aro ba zai rikiɗe ya zama gado ba. Sarautar gargajiya a bar wa masu ita. Idan mutum ya tabbata kujera ba za ta ci gonarsa ba, ba zai ɗauki adda don Bahaushe ko Tibi ko Ibo ya zama kansila ba.

Na san za a ce rubutu a takarda bai taɓa hana mai mulkin Najeriya abin da ya yi niyya ba. Haka ne, kuma ita ma Amurka ta karya yarjejeniyoyin da ta sa wa hannu. Amma a cikin labarin dokar Nelson akwai al'umma ɗaya da ta tsira da wani abu. Dattawan Ojibwe na Red Lake, da wakilan gwamnati suka zo musu a 1889, sun sallama fili mai yawa ƙwarai, kusan eka miliyan uku, amma suka kafe a kan abu guda: abin da ya rage ba za a yanka shi gida-gida ba. Har gobe ƙasarsu ta al'umma ce baki ɗaya, ba mai iya sayar da taki ɗaya. White Earth da aka raba wa takardu ta tsiyaye, Red Lake da ta ƙi tana nan.

Kujerar Nelson kuwa, da ya mutu wani baƙon ne ya gaje ta. Magnus Johnson, haifaffen Sweden, wanda ya zo Amurka a 1891, manomi na gaske mai kaushin hannu, ya kayar da gwamna mai ci a zaɓen cike gurbi na 1923 a ƙarƙashin jam'iyyar manoma da ma'aikata. Jaridun birni suka yi ta yi wa Turancinsa dariya, har aka shirya masa gasar tatsar nono da ministan noma, Henry C. Wallace, ministan ya cinye. Mazaɓa ta biyar ta Minnesota, lambar da Nelson ya fara wakilta, ko da yake yanzu an mayar da ita birnin Minneapolis, tun zaɓen 2018 Ilhan Omar ke riƙe da ita, wadda aka haifa a Mogadishu ta kuma yi zaman sansanin gudun hijira a Kenya. Daga cikin masu ce mata ta koma inda ta fito ba za a rasa jikokin waɗanda suka zo a jirgin ruwa ɗaya da irin su Nelson ba.

Bara waccan, bayan an gama girbi, wasu mutane suka zo ƙauyen kawuna a mota mai baƙin gilashi, da na'urar awo da turaku masu jan fenti. Layin da suka ja ya ratsa gonarsa ya ratsa ta masu ƙasar, bai tambayi wa ya riga wa zuwa ba. An ce wani babban mutum ne zai yi gonar zamani, takardunsa sun cika. Kawu da ɗan mai garin da ya ba shi aro, wanda shi ma yanzu furfura ta cika masa kai, suka tsaya a inuwa ɗaya suna kallo. Bayan mako biyu ma'aikacin diyya ya zo da littafinsa. Ya ƙirga wa masu ƙasa ɗorawa da kaɗanya da 'yan mangwaro, ya rubuta musu abin da bai kai kuɗin saniya biyu ba. Da ya iso kan kawu ya dubi fili fetal, kara kawai a tsaye, ya ce, "Baba, kai ina itatuwanka?"